Babur ya faɗi ya kwana a ƙasa, yanzu ya ƙi tashi

Mai Jan Babur:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan matsalar da na tashi da ita yau da safe. Babur ɗina ƙarami ne, mai inji 125, silinda ɗaya, mai kafireta, yana da kiki yana kuma da sitata, kuma shekara uku ke nan ina hawansa bai taɓa ƙin tashi ba. Jiya da daddare na ɗora shi a kan ƙafarsa ta tsakiya kamar yadda na saba, ashe ruwan da aka yi ya sa ƙasar wurin ta yi laushi, ƙafa ɗaya ta nutse, babur ya kife ta ɓangaren dama. Ban ji ƙarar faɗuwarsa ba, sai da gari ya waye na tarar da shi kwance, wurin duk warin fetur, domin ban rufe makunnin mai ba. Na ɗaga shi, na goge taɓon da ya manne a hannun totur, na murɗa makulli, fitilar firi ta kama, oda ma tana yi. Amma da na danna sitata sai ta ɗan motsa sau ɗaya ta tsaya cak, kamar wani abu ya tokare ta. Na koma kan kiki, shi ma yana sauka zuwa rabi sai na ji tauri irin wanda ban saba ji ba. Ban matsa masa ba, na bar shi a tsaye. Shin batir ne ya mutu, ko kuwa wani abu ne ya karye a cikin injin?

Ɗan Hanya:
Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, ina ganin batir ne kawai. Batir yana iya kunna fitila da oda amma ya kasa juya sitata, domin sitata ta fi su cin wuta nesa ba kusa ba. Ka samu mutum biyu su tura ka, ka sa giya ta biyu, in ya ɗauki gudu ka saki kuloci, zai tashi. Nawa ya sha faɗuwa, kuma da turi nake tayar da shi.

Tsohon Bakanike:
Mai Jan Babur, don Allah kada ka tura babur ɗin nan, kada kuma ka sake taɓa sitata ko kiki sai ka cire fulogi. Ɗan Hanya, ka sake karanta abin da ya rubuta. Da sitata kaɗai ta tsaya, da na yarda a zargi batir. Amma kiki ba ruwansa da batir, ƙafar mutum ce ke juya shi, kuma shi ma ya ƙage a rabi. Abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba sun tsaya a wuri ɗaya, ke nan abin da ya tare su yana cikin silinda. Babur ya kwana a kwance da mai a buɗe. Fulot ɗin da ke cikin kwanon kafireta, wato ɗan abin da ke iyo a kan fetur, ba ya iya rufe hanyar mai sai babur yana tsaye, don haka duk daren fetur yana ta zuba, wani a ƙasa, wani kuma, idan bawul ɗin shiga ya tsaya a buɗe, ya gangara kan fistin. Abin da nake zato shi ne silindarsa cike take da fetur ko baƙin mai.

Ɗan Hanya:
Baba, ban ƙi ta taka ba, amma ai fetur abin ƙonewa ne, kuma dama cikin silindar yake shiga kullum. Idan ya yi yawa, ba sai injin ya fitar da shi ta salansa ba da zarar an tura shi da ƙarfi?

Tsohon Bakanike:
Abin da ke shiga silinda kullum iska ce da aka cakuɗa da ɗan feshin fetur, kuma iska tana matsuwa. Ruwa, ko fetur ne ko baƙin mai, ba ya matsuwa ko kaɗan. Bari in ba ka lissafin, domin shi ne zai nuna maka ƙanƙantar abin da muke magana a kai. Inji 125 irin wannan yana matse iska kusan ninki tara, wato idan fistin ya hau ƙarshe, filin da ya rage tsakaninsa da kan injin bai wuce sisi (cc) 15 zuwa 16 ba. Wannan kusan cikin babban cokali ɗaya ne. Idan abin da ya taru a ciki ya fi haka, fistin ba shi da inda zai kai, kuma a lokacin matsewa bawul biyun duk a rufe suke, babu hanyar salansa.

Sitatar ƙaramin babur ba ta da ƙarfin da za ta yi ɓarna sosai, sau da yawa tsayawa kawai take yi, kamar yadda ta yi masa. Turi kuwa daban ne. Nauyin babur da na mai hawa da gudun mutum biyu duka za su sauka a kan kwanrod, sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, lokaci ɗaya idan ya saki kuloci. Na sha buɗe injin da aka yi wa haka. Kwanrod ɗin ba karyewa yake yi ba, ɗan lanƙwasa yake yi wanda ido ba ya saurin gani sai ka aza shi a kan faffaɗan ƙarfe, babur ya ci gaba da tafiya amma da ƙara da rashin ƙarfi, bayan ɗan lokaci ya cinye ringi da jikin silinda. Aikin minti goma sai ya koma sauke inji gaba ɗaya.

Mai Jan Babur, ga abin da za ka yi. Ka fitar da babur fili inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta da mai shan taba. Ka rufe mai, ka kashe makulli ka zare shi. Ka cire hular fulogi ka kau da ita gefe, ka share taɓon da ke kewayen ramin kafin ka kwance fulogin, don kada ƙasa ta faɗa ciki. Sannan ka ɗora tsumma mai kauri a bakin ramin, ka danna kiki da hannu a hankali, kada ka sa fuskarka a saitin ramin. Ka dawo ka gaya mana abin da ya fito.

Mai Sikuta:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ko za ta yi amfani. Watannin baya sikutata ta zame da ni a kan yashi, ta mutu nan take. Na ɗaga ta, sitata tana juyawa lafiya lau amma ta ƙi kamawa. Har na fara neman mai ɗauka, sai na kashe makulli don in cire jakata daga ƙarƙashin kujera. Da na sake kunnawa na ji ɗan kukan nan na famfon mai, na danna sau ɗaya ta tashi. Ba zai yiwu irin wannan ne ya samu babur ɗinsa ba?

Mai Gyaran Waya:
Malama, abin da ya same ki gaskiya ne, amma na babura masu injekta ne, waɗanda famfo ke tura musu fetur maimakon kafireta. A cikinsu akwai wata 'yar na'ura mai gane cewa babur ya kife. Idan ya karkata ya wuce wani mizani, a baburan Yamaha da yawa digiri 65 ne, sai ta sanar da kwamfutar injin ta yanke famfon mai da wutar fulogi. An yi haka ne don kada famfo ya ci gaba da tura fetur a wurin haɗari, kada kuma injin ya yi ta gudu a kwance baƙin mai bai kai inda ya kamata ba. Ko an ɗaga babur, kwamfutar tana riƙe da wannan umarni har sai an kashe makulli an sake kunnawa, kuma abin da kika yi ke nan ba da saninki ba. A allon wasu baburan har lamba take fitowa: Yamaha tana nuna 30 idan babur ya kife, Suzuki kuma C23 ce lambar matsalar wannan na'ura. Wanda ya kashe ya kunna bai ji kukan famfo na daƙiƙa biyu zuwa uku ba, ya duba ko na'urar ta fita daga mazauninta, domin tana da sama da ƙasa, in ta juye za ta ɗauka har yanzu babur yana kwance.

Na ɗan'uwanmu kuwa mai kafireta ne, mai yana gangarowa da kansa daga tanki, kuma ƙananan babura irinsa galibi ba su da wannan na'ura. Ko da yana da ita, ba za ta ƙage kiki ba.

Mai Jan Babur:
Baba, Allah ya saka da alheri, maganarka ta tabbata. Da na kwance fulogi na tarar da shi jiƙe sharkaf, har yana ɗiga. Na ɗora tsumma na danna kiki da hannu, sai fetur ya yi tsartuwa ya jiƙa tsumman gaba ɗaya, har ya sauko a hannuna. A dannawa ta biyu da ta uku ma ya fito, amma launinsa ya ɗan yi duhu kamar an haɗa shi da baƙin mai. Na ci gaba har sau ashirin, yanzu iska kawai ke fita, kuma kiki yana sauka har ƙasa ba tare da wani tauri ba. Na ari mita na auna batir, ya nuna bolt 12.5. In mayar da fulogi in gwada?

Tsohon Bakanike:
Madalla, amma tukuna. Batir ɗinka lafiya yake, wanda ya cika yakan nuna wajen 12.6, don haka mun fitar da shi daga zargi. Ka bar ramin fulogi a buɗe na ɗan lokaci ya sha iska, ka sa tsumma mai tsabta sama-sama, mu duba wurare biyu kafin nan.

Na farko akwatin iyakilina, wato matatar iska. Akwai tiyo da ke fitowa daga cikin injin zuwa wannan akwati, ta nan injin yake numfashi. Idan babur ya kwanta, baƙin mai yakan bi ta tiyon ya taru a akwatin, ya jiƙa soson. Soson da ya sha mai ba ya barin iska ta wuce, ko ka busar da silinda sau goma za ta sake cika da fetur fiye da kima. Idan na soso ne, ka wanke shi da ruwan sabulu, ka matse shi a tafin hannu ba tare da ka murɗe shi ba, domin murɗawa tana yaga shi, ka bari ya bushe sarai, sannan ka ɗan shafa masa baƙin mai kaɗan. Idan na takarda ne kuma ya jiƙe, ba ya wankuwa, sai sabo. Ka goge cikin akwatin, ka buɗe ɗan tiyon zubarwa da ke ƙasansa in yana da shi.

Na biyu, kuma shi ya fi damuna, baƙin man injin. Ka tsayar da babur daidai a wuri mai tauri, ka zaro ma'aunin, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ka duba inda ya kai, ka shinshina shi, ka ɗiga kaɗan tsakanin yatsu biyu ka murza. Fetur ɗin da ya kwana a kan fistin ba ya zama wuri ɗaya, yana tsiyaya ta gefen ringi ya sauka cikin baƙin mai.

Mai Jan Babur:
Na duba. A cikin akwatin iyakilina akwai baƙin mai kwance a kusurwa, soson kuma ya yi nauyi, da na matsa shi mai da fetur suka fito tare. Na wanke na shanya. Baƙin man injin kuwa ya haura layin sama da kusan faɗin yatsa, duk da wanda ya zube a akwatin, ya tsinke kamar ruwa, kuma warin fetur yake yi sosai. Abin da ya ba ni takaici shi ne sati biyu ke nan da na canza shi.

Ɗan Hanya:
Na yarda na yi kuskure a kan turi, Baba ya yi gaskiya. Amma a kan baƙin mai ina da ja. Man sati biyu sabo ne. Fetur yana tashi ya bi iska idan ya ji zafi, don haka idan injin ya yi gudu na rabin awa, ai fetur ɗin zai ƙone ya bar man yadda yake. Me zai sa a zubar da shi?

Tsohon Bakanike:
Maganarka tana da gaskiya idan fetur ɗin ɗan kaɗan ne, irin wanda ake ji da hanci kawai ma'auni bai nuna ba. Nan ba haka ba ne. Injin nan duka man da yake ɗauka bai wuce lita ɗaya ba, ga shi wani ya zube, amma duk da haka ma'auni ya hau. Kafin a kai ga zafin da kake magana, mintocin farko injin zai yi su ne da man da ba shi da kauri, kuma wuraren da suka fi nisa da famfon baƙin mai, wato kam da hannayen bawul a can sama, su ne za su fara gogar juna. Kada ka manta a irin wannan babur man nan ɗaya shi ke wanke kuloci da giya. Lita ɗaya ta mai ba ta kai darajar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya juye shi, ya bari ya tsiyaye sosai, ya ɗan karkata babur hagu da dama don ragowar ta fito, sannan ya zuba sabo.

Mai Jan Babur:
Na canza mai, soso ya bushe na mayar, na sa sabon fulogi irin lambar tsohon. Na bi yadda littafin babur ɗin ya ce a yi idan fetur ya yi yawa a silinda: ban ja cok ba, na buɗe totur gaba ɗaya, na danna sitata na daƙiƙa biyar, na huta na daƙiƙa goma, na sake. Yanzu sitata tana juyawa da ƙarfi, injin yana zagayawa lafiya, amma ko tari bai yi ba. Na gwada sau shida na tsaya don kada in kashe batir. Na cire sabon fulogin, ya ɗan jiƙe da fetur, wato mai yana zuwa.

Mai Gyaran Waya:
To, yanzu an zo fagena. Inji yana juyawa, mai yana zuwa, saura mu ga wuta. Ka sa fulogin a cikin hularsa, ka jingina jikinsa na ƙarfe da ƙarfen injin inda babu fenti, amma nesa da ramin fulogi gwargwadon tsawon wayar, domin tururin fetur na iya fitowa daga ramin ya kama. Ka tabbata duk fetur ɗin da ya zube a jikin injin ya bushe, ka kau da tsumman nan da ya jiƙe. Ka riƙe ta wurin roba, ka kunna makulli, ka danna sitata a inuwa inda za ka iya gani. Abin da muke nema tartsatsi ne mai launin shuɗi, mai ɗan ƙara, yana tsallakawa a kai a kai. Kuma ka gaya mini ko ka duba jan maɓallin kashe inji na hannun dama, tunda ta can ya faɗi.

Mai Jan Babur:
Na yi yadda ka ce, Malam. Babu tartsatsi ko ɗaya, na gwada da tsohon fulogi ma haka. Jan maɓallin tun da safe na duba shi, yana kan wurin tafiya, na ma kunna na kashe sau da yawa.

Ɗan Hanya:
Idan babu wuta kwata-kwata, ina ganin akwatin CDI ne, mai sarrafa wutar fulogi, ya ƙone, ko kwayil mai kai wutar ga fulogi. Ya sayi sabon CDI ya gwada, in bai yi ba ya canza kwayil.

Mai Gyaran Waya:
Ɗan'uwa, ban goyi bayan saye kafin awo ba. CDI abu ne da aka rufe da roba mai tauri, babu abin da ke motsi a cikinsa, faɗuwar babur daga tsaye ba ta cika yi masa komai ba. Babur ɗin nan jiya da daddare yana aiki. Abin da ya canza tsakanin jiya da yau shi ne ɓangaren dama ya bugi ƙasa ya kwana a cikin taɓo, don haka a can za mu fara nema.

Mai Jan Babur, kasancewar maɓalli yana kan wurin tafiya ba ya nufin cikinsa yana kan wurin tafiya. A ƙananan babura da yawa masu tsarin waya irin na Honda, kashe inji ana yin sa ne ta hanyar haɗa wayar CDI da jikin babur, wutar ta zube a can maimakon ta je kwayil. Wayar baƙa ce mai farin layi, ta jikin babur kuma kore ce. Makulli yana yin wannan haɗin idan ka kashe shi, jan maɓallin ma haka. Idan gidan maɓallin ya fashe, ko ruwa da taɓo sun cika shi, ko ɗan ƙarfen ciki ya goce, haɗin zai zauna daram ko ina ka tura maɓallin. Ka duba gidan da kyau ta ƙasa. Sannan ka buɗe kwanon fitilar gaba, ka bi wayoyin da suka sauko daga hannun dama, ka zare baƙar mai farin layi ta wannan reshe kaɗai, ka sake gwada tartsatsi. In kana son tabbaci, ka sa mita a kan awon haɗuwa tsakanin wayoyin biyu ta ɓangaren maɓallin: idan ta yi ƙara alhali yana kan wurin tafiya, ka kama ɓarawon.

Mai Doguwar Tafiya:
Malam, ina da gyara kaɗan, don kada wani mai karatu ya ɗauka kowane babur haka yake. Nawa babba ne, kuma a cikinsa jan maɓallin wuta yake ba wa kwayil daga batir. In ka zare wayarsa, kai da kanka ka yanke wutar, babu tartsatsin da za ka gani ko da komai lafiya yake. A irinsa haɗa wayoyin biyu ake yi a gwada. Haka kuma nawa yana da makunni a ƙafar gefe wanda ke kashe inji idan an sa giya ƙafar tana ƙasa, kuma na taɓa faɗuwa ta hagu ƙarfen da ke danna shi ya lanƙwashe. A firi yana tashi, ina sa giya ya mutu.

Mai Gyaran Waya:
Gyaranka daidai ne, Yallabai, na gode. Tsari biyu ne, kuma wanda bai san nasa ba ya duba zanen wayoyi a bayan littafin babur ɗinsa kafin ya zare komai. Na yi masa maganar na farko ne saboda girman injinsa da yadda ya kwatanta shi. Akwai kuma abin da ya kamata in ƙara: na ce ya zare reshen hannun dama kaɗai da gangan. Idan ya zare wayar daga bakin CDI, injin zai iya tashi amma makulli ma ba zai kashe shi ba, sai dai ya rufe mai ko ya sa giya ya taka birki ya saki kuloci. Wannan ba abin da ake so mutum ya gano ba ne bayan injin ya riga ya kama.

Mai Jan Babur:
Alhamdu lillahi, an samu wuta. Da na leƙa ƙasan gidan maɓallin sai na ga tsaga tun daga wurin noti har gefe, ta sama ba a ganinta. Na kwance notina biyu na buɗe, cikinsa cike da jiƙaƙƙen yashi, ɗan farantin tagullan kuma ya fita daga mazauninsa ya kwanta a kan wuraren haɗin biyu, maɓallin yana ta motsi a banza a samansa. Wayoyina launinsu ɗaya da wanda ka faɗa. Na zare baƙar mai farin layi a cikin kwanon fitila, na naɗe bakinta da tef, na danna sitata, tartsatsi shuɗi ya fito har ina jin ƙararsa. Zan mayar da fulogi yanzu.

Tsohon Bakanike:
Kafin ka tayar, ka san abin da za ka gani don kada ka tsorata. Wani ɓangare na man da ya shiga silinda ya wuce cikin salansa, don haka zai yi hayaƙi fari mai shuɗi-shuɗi na wasu mintoci. Ka bar shi yana aiki a hankali a fili, kada ka yi ta murɗa totur don hayaƙin ya ƙare da wuri. Ka kasa kunne: idan ka ji bugu mai nauyi daga ƙasan injin wanda babu shi jiya, ka kashe nan take. Ka kuma sa ido a ƙarƙashin kafireta bayan ka buɗe mai.

Mai Jan Babur:
Ya tashi a dannawa ta biyu. Hayaƙi ya turnuƙe wurin kamar yadda ka ce, Baba, bayan minti goma ya ragu har ya ɗauke. Ƙarar injin irin ta kullum ce, babu wani bugu, kuma makulli yana kashe shi. Sai dai fetur yana ɗiga daga siririn tiyon da ke ƙasan kafireta, ɗigo bayan ɗigo ba tsayawa, sai na rufe mai yake dainawa.

Tsohon Bakanike:
Wannan allurar fulot ce ba ta zauna ba. Ko fulot ɗin ya maƙale a karkace tun faɗuwar, ko kuma dattin da ya daɗe kwance a gindin tanki da kwanon kafireta ya tashi, ƙwaya ɗaya ta tsaya a bakin allurar. Ka kashe inji ka bari ya huce. Ka ɗauki sukudireba ka ƙwanƙwasa gefen kwanon da mariƙinta na roba sau uku ko huɗu, a hankali, domin kwanon ba ya jure duka. In bai daina ba, ka rufe mai, ka tara gwangwani, ka sassauta notin zubarwa na ƙasan kwanon har ya tsiyaye, sannan ka buɗe mai na ɗan lokaci notin yana buɗe don fetur ya wanke bakin allurar da gudu, ka ɗaure. Ka duba abin da ya taru a gwangwanin, za ka iya ganin jan gari na tsatsa ko ɗigon ruwa a ƙasa. In duk wannan bai yi ba, sai an sauke kwanon an duba bakin allurar ko ya ci. Kada ka hau shi yana ɗiga, kada kuma ka kwana da mai a buɗe, domin ta wannan hanyar ce sabon baƙin manka zai sake tsinkewa ko babur yana tsaye.

Tunda ta dama ya faɗi, akwai abu biyu da nake so ka gwada inji a kashe. Ka murɗa totur ka sake shi, ka yi haka kan babur yana miƙe, sannan a karye hagu, sannan dama. Dole ya koma da kansa da sauri a duka ukun. Idan bakin robar ya matse da ƙarshen ƙarfen hannu ko yashi ya shiga, yana iya maƙalewa a buɗe kana kan hanya. Sai hannun birkin gaba: in ya lanƙwashe, ka canza shi, kada ka miƙe shi, domin zubin alminiyom ne, wanda aka miƙe yana iya karyewa ranar da ka damƙe shi da ƙarfi.

Mai Sikuta:
Malam Mai Gyaran Waya, tambaya ɗaya a kan na'urar nan tawa. Wani ya ba ni shawarar a cire ta gaba ɗaya a haɗa wayoyin, wai don kada ta sake tsayar da ni. Ya dace?

Mai Gyaran Waya:
Bai dace ba, Malama. Ranar da kika zame aikinta ta yi, kuma kashe makulli da kunnawa ya isa ya sake ta. Idan aka cire, duk ranar da sikutar ta kwanta a kan ƙafarki injin zai ci gaba da aiki, tayar baya tana juyawa, famfo yana tura fetur. Idan ta fara kashe miki inji kina tafiya a miƙe, wannan alama ce ta sassauta a mazauninta ko ta lalace, sai a ɗaure ko a canza ta. Shi ma Mai Jan Babur, wayar da ya naɗe da tef ta gwaji ce, ya sayi sabon gidan maɓalli ya mayar da ita.

Mai Jan Babur:
Ƙwanƙwasawa ba ta yi ba, amma da na buɗe notin zubarwa na bar mai ya gudu, jan gari ya fito a gindin gwangwanin tare da ɗigon ruwa biyu. Na ɗaure, na buɗe mai na tsaya a kansa minti goma sha biyar, ko ɗigo babu. Totur kuwa da na karya kan babur dama sai ya riƙa komawa a hankali, na zare robar na tarar da yashi a ƙarƙashinta, na wanke na mayar, yanzu yana komawa da kansa ta ko'ina. Hannun birki ya ɗan lanƙwashe a ƙarshe, zan canza shi tare da gidan maɓallin gobe in sha Allahu, kuma ba zan hau ba sai an sa su. Baba, sabon fulogin da na sa ya yi baƙi bayan hayaƙin nan, in bar shi ko in sake wani?

Tsohon Bakanike:
Ka goge shi da burushin waya mai laushi, ka duba tazarar bakinsa, a irin injinka tsakanin milimita 0.6 da 0.7 take, sai dai in littafinka ya faɗi wata. Ka mayar, ka fara ɗaura shi da yatsu kafin ka sa sifana. Bayan ka yi tafiyar kwana biyu ka sake cirewa ka gani. Idan bakinsa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, ka bar shi. Idan har yanzu baƙi ne mai maiƙo, ka dawo nan ka gaya mini, kuma ka zo da awon baƙin mai na safiyar ranar kafin ka tayar da injin.